Muryar Sabi'u da Na Sa Aka Goge

Shekara tara ke nan da muka kai Sabi'u makwancinsa. Da damina na ƙirga, domin ni malamin gona ne, da damina nake ƙirga komai, kuma ranar da ya rasu gero ya fara fitar da kai a gonakin bakin kogi. Ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, na ba shi shekara goma sha ɗaya. Zazzaɓi ya kama shi ranar Litinin, ranar Juma'a kafin a sauko daga masallaci ya cika. Ya bar mata ɗaya, Rabi, da 'ya ɗaya, Husna, wadda a lokacin shekararta uku, tana yawo a tsakar gida tana leƙa fuskokin masu ta'aziyya. Duk shekara idan wannan lokaci ya zagayo nakan ce zan yi rubutu a kansa, sai in fasa. Ba rashin abin faɗa ba ne. Akwai abin da na yi masa bayan ransa, kuma na san ba zan iya yabonsa a jarida in tsallake wannan ba.

A Wudil in ka ce Sabi'u kawai, za a tambaye ka wanne daga ciki. In ka ce Sabi'u Katun, har masu suyar kifi na bakin gada za su nuna maka shagonsa. Ƙaramin shago ne na tura finafinai da waƙoƙi a waya: ka kawo memorinka, ya goge tsoho ya zuba maka sabo. Wannan ita ce sana'ar da yake ci da ita. Amma abin da ya ba shi suna daban ne. Sabi'u ya kamu da son katun ɗin mutanen Japan, irin wanda yaran yanzu ke kira anime, kuma a cikinsu akwai wani mai dogon zango da ya shiga ransa har ya ɗauri aniyar mayar da shi Hausa da muryarsa. Sunan da masu shi suka sa masa ba ya zama a bakin kowa, sai ya raɗa masa nasa: Masu Haƙar Rijiya.

Ni kuwa wannan laƙabi na Katun ya tsaya min a wuya. Na tashi ne a zamanin soja, lokacin da talabijin ke buɗewa da yamma a nuna wa yara zanen kyanwa da ɓera na ɗan lokaci kafin labarai. A wurina katun abin da ake rufe bakin yaro da shi ne. Shi ya yi wayo bayan an dawo mulkin farar hula, waya ta shigo hannun kowa, duniya ta buɗe masa ta wata ƙofa da ni ban ma san da ita ba. Mahaifinmu ya rasu da wuri, ni na tsaya a kan karatunsa har ya yi difloma, sai ga shi magidanci da gemu, ya rataye barguna a bangon ɗaki don kada ƙara ta shigo, yana maƙale murya yana kwaikwayon tsohuwa. Da sassafe yake yi, bayan ya dawo daga sallar asuba, kafin injin markaɗen maƙwabta ya tashi. In na biyo ta ƙofar gidansa na jiyo shi sai in ƙara sauri, kamar wani zai tare ni ya ce ashe ɗan'uwanka ne.

Ya sha roƙona in zauna in kalli ko kashi ɗaya. Yakan ce, "Yaya, wallahi aikinka ne a ciki. Iri ne da ruwa da rumbu. Ka ba ni minti ashirin kawai." Amsata kullum ɗaya ce: in ya ga ranar da na koma shan nono, ya kawo min. Sai ya yi dariya ya sosa ƙeya. Bai taɓa mayar min da magana ba, kuma wannan ma yanzu yana cikin abin da ke damuna. Ga wani abin kunya kuma: ni ɗin nan da nake hura hanci, duk kakar zaɓe sai na miƙa masa memorina ya cika min da waƙoƙin siyasa, har da na habaici da zagin abokan hamayya. Waɗannan ban taɓa ganin aibinsu ba.

Ranar sadakar uku wani malami ya yi nasiha a wurin zaman makoki. Ba da Sabi'u yake ba, ban ma jin ya san sana'arsa. Ya ce mu ji tsoron abin da za mu bari a bayanmu, domin akwai wanda zai mutu zunubinsa bai mutu ba, duk wanda ya kalli wata ɓarna da ya yaɗa sai an rubuta masa kasonsa yana kwance a kabari. Gaskiya ya faɗa, kuma har gobe ban ga laifinsa ba. Sai dai yana cikin maganar na ga mutum biyu uku sun saci kallona. Mai karatu ya san yadda muke yi a nan: in mutum ya rasu, 'yan'uwa kan ɗauki wayarsa su goge kiɗe-kiɗe da hotuna, har a yi cigiya a ce duk mai hotonsa don Allah ya goge. Ƙauna ce ke sa mu yin haka, muna so mu sauƙaƙa wa namu kwanciya. Ni ne babba a gidan, makullin shagon yana aljihuna, ba wanda zan yi shawara da shi in ban ga dama ba. Ban kuwa ga dama ba.

Kashegarin sadakar bakwai da hantsi na ɗauki kwamfutarsa na kai wa wani mai gyara, abokinsa ne ma. Na ce ya wanke ta tas, kada ya bar ko ɗigo. Ya kunna, ya yi ta dube-dube, sai ya ɗago ya ce, "Yaya, finafinan kasuwa da waƙoƙi ba matsala, yanzu zan share su. Amma ga wani wuri daban, aikinsa ne na fassara. Kashi ashirin ya gama. Muryarsa ce fa a ciki. In ware maka shi?"

Na ce, "Shi na fi so ka fara gogewa."

Ya sake dubana, ya ce ko in bari ya kunna min ɗaya in ji tukuna. Na daka masa tsawa, na ce ni ne ɗan'uwan mamaci ko shi? Ya juya ya danna. Ko shayin da ya sa aka kawo min ban gama sha ba aka ce an gama. Aikin shekara biyu da 'yan watanni ke nan.

Na daɗe ina gaya wa kaina don Allah na yi. Akwai gaskiya a ciki, domin tsoron da na ji masa na gaske ne, har na kasa cin abinci. Amma tunda na zo faɗin gaskiya, bari in faɗe ta duka. Da tsoron Allah ne kaɗai, da na buɗe na duba, in ga ko ɓarna ce ko ba ɓarna ba. Mai tsoron Allah ba ya yanke hukunci a kan abin da bai gani ba. Abin da nake so shi ne sunan nan na Katun ya bi shi ƙasa, a riƙa tuna shi a matsayin ɗan gidan mutunci mai difloma. Kunyata na binne, na lulluɓe ta da rigar addini.

Da Rabi ta fita takaba ta zo gaishe ni. Bayan an gama gaisuwa ta sunkuyar da kai ta ce tana da roƙo: a tura mata abin nan da yake yi a waya, ko kashi ɗaya ne, don in Husna ta girma ta ji muryar ubanta. A lokacin ne abin ya faɗo min a ka. Wayar Sabi'u an riga an goge ta tun ranar farko. Ba mu da kaset, ba mu da bidiyon biki, domin ni ne ma na hana a ɗauka. Duk duniya ba inda muryarsa ta rage sai wurin nan da na sa aka share. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa kwamfutar ta lalace, bairos ya cinye komai, mai gyara ya yi iya ƙoƙarinsa. Ta ce, "Allah sarki. Haka Allah ya so." Ta tashi ta tafi.

Bayan shekara biyu Rabi ta yi aure a Ɗankaza. Da Husna ta isa shiga makaranta ta dawo hannuna, kamar yadda aka saba. Ban rage ta da komai ba, wannan kam ko maƙiyina zai shaida. Amma yarinya ce mai tambaya, irin ubanta sak. Wata rana ina gyara babur a ƙofar gida ta tsuguna kusa da ni ta ce, "Baffa, muryar Abbana irin taka ce?" Na ce a'a, tasa ta fi tawa taushi. Ta ce to in kwaikwaya mata. Na gwada, na kasa, sai na gane ni kaina na fara manta yadda take. Ta tambaye ni ko gaskiya ne wata cuta ce ta shiga kwamfutarsa ta cinye muryar, haka Ummanta ta gaya mata. Na ce gaskiya ne. Ƙarya in ta daɗe a gida sai ta zama kamar kujera, kowa ya san wurinta, ba mai tambayar wa ya kawo ta.

Shekara uku da suka wuce aiki ya kai ni Lajawa, taron manoma a kan adana iri. Ina tsaye a gindin darbejiya ina bayanin yadda ake gauraya irin wake da toka a toshe bakin tulu, da dalilin da ya sa ba a taɓa iri komai tsananin yunwa, sai wani dattijo mai suna Malam Garba ya ce, "Malam, ai wannan mun gani a katun ɗin Sabi'u." Wasu suka yi dariya suka ce ƙwarai kuwa. Bai san ni wane ne ba. Ya ce akwai wani yaro a Wudil, Allah ya ji ƙansa, ranar kasuwa ya zuba masa kashi huɗu a memori kyauta, ya ce gwaji ne, su kalla su gaya masa in Hausar ta zauna. Ya ce da la'asar sukan taru a kan waya ɗaya, manya da su, har ana ture juna. Ya gyara murya ya kwaikwayi tsohuwar cikin fim ɗin: "Kai Ɗan Ƙarfe, in ba za ka ja guga ba matsa min, ba don ado na ɗauko ka ba!" Wurin ya kaure da dariya. Ni kaɗai ne ban yi ba.

Da aka watse na ja shi gefe na gaya masa ni yayan Sabi'u ne. Ya kama hannuna da hannu biyu ya yi min ta'aziyya kamar jiya aka yi rasuwar, ya ce sun yi ta jiran ragowar, ina aka kwana? Na ce kwamfuta ta lalace. Na tambaye shi memorin. Ya ce wayar ta daɗe da mutuwa, memorin kuma bai san inda ya shiga ba, abu kamar farce, amma zai duba. Sauran waɗanda ya zuba wa, da na bi sawunsu a Kausani da cikin gari duk amsa ɗaya: sun kai an goge an zuba musu sabon abu tun tuni. Haka sana'ar take, shi ma haka yake yi wa na wasu.

A satin nan na nemi wani ɗalibi da ke haya a unguwarmu, na kwatanta masa labarin, ya samo min fim ɗin na asali, da harshen masu shi, da rubutun Turanci a ƙasa. Ni mai furfura na zauna a zaure bayan na taso daga aiki, na sa tabarau, na ba Sabi'u minti ashirin ɗin da ya roƙa, bayan ba shi da sauran amfani da su.

Labarin wata duniya ce bayan ta rushe. Mutane sun ƙera injinan da ke juya gajimare, ƙasashe suka yi ta yaƙi a kan wa zai ja ruwan sama zuwa gonarsa, har sama ta daina zubarwa gaba ɗaya. Manyan birane suka zama kufai, rairayi ya cika benaye. 'Yan tsirarun da suka rage suna zaune a ƙarƙashin karyayyun gadoji. A cikin wannan hali wata tsohuwa mai haƙar rijiya take yawo gari gari, tare da wani mutum-mutumi na ƙarfe mai tsatsa, hannunsa ɗaya. Shi ke nan. Na yi zaton zan ga jarumi mai tashi sama yana dukan mutum ɗari. Ban gan shi ba. Na ga tsohuwa tana ɗanɗana ƙasa da harshe. Na ga an zura fitila a rami kafin mutum ya shiga, don a gane ko iskar ciki mai kisa ce, daidai yadda mahaƙanmu ke yi. Wanda ya zana wannan ya taɓa tsayawa a bakin rijiya, ko ya zauna da wanda ya tsaya.

Abin da ya fi kama ni shi ne ba mugu a cikinsa. A finafinan da na saba gani, tun daga hula da gashin baki za ka gane wanda za a kashe a ƙarshe. A nan kowa yana da hujja, kuma kowa ƙishirwa yake ji. Akwai kashin da suka isa wani gari da yunwa ta ci ƙarfinsa, mai tsaron rumbun iri ya kulle ƙofa ya zauna a bakinta, iyaye mata suna tsaye da yara a goye suna roƙonsa. In ya buɗe, za a ci yau, baɗi ba abin shukawa. In ya ƙi, wasu yaran ba za su ga baɗin ba. Fim ɗin bai ce ga mai gaskiya ba. Ya bar ka da mutumin yana zaune, makulli a hannu. Na shekara fiye da ashirin ina gaya wa manoma kada su ci iri, da farar riga da takarda a hannu, ban taɓa tsayawa na ji nauyin abin da nake nema a wurinsu ba sai da zane ya nuna min.

Kuma fim ne mai haƙuri. Yakan yi shiru ya bar ka ka ji iska da ƙarar igiya a bakin rijiya. Ba tsiraici, ba ashar. In an samu ruwa ba a yin kiɗa, sai dai ka ga mutane sun yi layi, tsofaffi a gaba. In ba a samu ba, tsohuwar ta naɗe igiyarta su kama hanya. Ban ce duk katun ɗin Japan haka suke ba, ɗalibin nan ya nuna min wasu da na ce ya kashe tun ban yi masa rashin mutunci ba. Amma wannan ɗin, in da za a ce in zaɓi abin da zan nuna wa ɗaliban aikin gona, da na zaɓe shi kafin littattafai da yawa. Na kuma je wurin da tsohuwar ke ce wa mutum-mutumin ya matsa. A rubutun Turanci, kalma biyu ce ta ladabi. Zancen guga da ado duk na Sabi'u ne, bakin kakarmu ya ara mata. A nan na ajiye wayar na yi kuka, irin wanda ban yi ba ranar jana'izarsa.

Daga baya na kai maganar wurin wani malami da nake karatu a gabansa, ba tare da na ce ni ne ba. Na ce wani ne ya yi kaza. Ya ce niyyar sauƙaƙa wa mamaci abu ne mai kyau, kuma malamai sun yi maganganu a kan zane da hoto, amma abin da mamaci ya bari haƙƙin magadansa ne, ba na wanda makulli ke hannunsa ba. Ya tambaya, "Shi wanin, ya duba abin da ke ciki? Ya tambayi matar?" Na ce a'a. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce to wanin ya je ya nemi yafiya tun masu haƙƙin suna raye. Na ce zan gaya masa. Na yi shekara biyu ban gaya masa ba.

Nakan tambayi kaina me Sabi'u zai ce da ya ga yau. Yanzu ba mai jin kunyar katun. 'Yan jami'a na tafe suna musu a kansa a cikin Adaidaita, masu fassara sun cika waya, wasu har sun yi suna ana gayyatarsu taro. Da yawansu surutu ne kawai da ihu, ba su damu ko maganar ta dace da bakin mai yin ta ba, shi kuwa yakan maimaita jimla ɗaya sau goma. Ina jin da zai yi dariya ya ce, "Yaya, ka ga abin yaran nan ya zama sana'ar manya." Ina jin kuma da zai yi shiru in ya ga yadda damina ta koma: ruwa ya ƙi zuwa sai an fid da rai, in ya zo kuma ya zo da fushi, kogi ya haura ya kwashe gonakin da muka sani tun muna yara. Abin da na ɗauka tatsuniyar Japan ce, ga shi muna tattauna shi a ofis da sunan sauyin yanayi. Ya riga ni gani, a shago mai faɗin tabarma biyu.

Wata biyu da suka wuce, ranar Juma'a, Malam Garba ya shigo kasuwar shanu ya yi ta cigiyata har ya same ni. Ya zaro wani ƙullin leda daga aljihu. Matarsa ce ta tsinci memorin a gwangwanin allura da zare. Na kai wa mai gyaran nan, wanda rabona da shagonsa tun ranar. Ya karɓa ya gwada. Kashi uku sun mutu. Na huɗu ya buɗe, shi ma ba duka ba, minti goma sha huɗu. Ya tura min a waya, ya tambaya ko in kunna. Na ce a'a, akwai waɗanda suka fi ni haƙƙin fara ji.

Na aika wa Rabi, da izinin maigidanta, ta zo ranar Asabar da safe. Muka zauna a tsakar gida, ita da Husna a tabarma, ni a kujera. Na ce kafin in kunna musu wani abu akwai maganar da zan yi. Na faɗa duka, ban rage ba: ba bairos, ba lalacewa, ni na ɗauka da hannuna na kai, an ce min muryarsa ce na ce a fara da ita. Na ce su yafe min in za su iya.

Rabi ba ta ɗago ba. Ta ce, "Yaya, ai na sani. Tun ina cikin takaba mai gyaran ya aiko matarsa ta gaya min."

Na ce, to me ya sa ta zo ta roƙe ni?

Ta ce, "Na ce ko ka rage wani abu a gefe. Da ka ce bairos ne, sai na bar shi a bairos. Kai za ka riƙe min 'ya. Ban so ta tashi tana kallonka da wannan."

Wato shekara tara ina ganin ni nake rufa asiri, ashe ni ake rufa wa. Duk gaisuwar da ta durƙusa ta yi min, duk ƙunshin daddawa da kuka da ta aiko gidana, ta yi su ne tana sane. Ta ce ita ta yafe tuntuni, saura mai ɗayan haƙƙin. Husna ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta ce, "Baffa, kunna."

Kashin rumbun iri ne. Muryar tsohuwa ta fito, sai ta mutum-mutumi, sai ta mai tsaron rumbu, duk shi ne, kuma duk ba shi ba ne. Husna ta matso da kunnenta tana neman ubanta a cikin muryoyin aro. Can wajen minti na tara sai aka ji ƙofa ta yi ƙara, aka ji gwalantun yaro. Tsohuwar ta tsaya a tsakiyar magana. Sai ga muryarsa tasa ta kansa, wadda na kasa kwaikwaya: "Rabi, zo ki ɗauke min 'yar nan, ta kama min waya. Husna, saki mana. Saki, uwata. Ke ma fim ɗin za ki shiga?" Ya yi dariya, ya yi gyaran murya, tsohuwa ta dawo. Gwaji ne, bai kai ga yanke wurin ba. Rabi ta ja mayafi ta rufe fuska.

To abin da ya rage na Sabi'u ke nan in ana maganar abin da kunne zai ji: minti goma sha huɗu, nasa na kansa a ciki bai kai rabin minti ba, shi ma kuskure ne ya tsirar da shi. Akwai kuma dattawa a Lajawa da har yau in wani ya tsaya musu a kan aiki sukan kira shi Ɗan Ƙarfe. Akwai yarinya mai tambaya. Sunan da na so in binne kuwa yana nan, ni ma yanzu da shi nake kiransa, Sabi'u Katun, kuma ban san wani suna da ya fi shi dacewa da mutumin da ya ɗauki abu daga wata duniya ya sa shi ya yi magana da bakin kakarmu ba. Ya Allah ka yalwata masa kabarinsa, ka sa abin da ya bari ya zame masa haske, nauyin abin da aka goge kuma ka ɗora shi a inda ya dace, domin ba shi ya goge ba.

Kashegari da safe ina shirin fita, Husna ta same ni a zaure da wayar a hannunta. Ta gaishe ni kamar kullum. Sannan ta ce, "Baffa, sauran goma sha taran, a ciki ma ya kira sunana?"

Na ce, "Ban sani ba, Husna. Ban buɗe ko ɗaya ba."

Ta dubi wayar. Sannan ta ce to, ta zauna a bakin ƙofa, ta mayar da shi minti na tara.